Farfesa Tarpley, Wadda Ta Kayar Mana da Gwarzo

A ranar Talata, uku ga Satumba, Allah ya karɓi ran Farfesa Eunice Tarpley, malamar ilimin duwatsu a jami'ar garinmu, bayan doguwar jinyar da ta ɓoye wa kowa. Ni da na yi shekara da shekaru ina koya wa al'umma ɗa'a a wannan shafi, yau na ɗauki alƙalami kaina a sunkuye.

Farfesa, kin san matsayin darasinki a wurinmu. Tun zamanin kakanni ajin duwatsu ne mafakar 'yan ƙwallo: a shiga, a yi gyangyaɗi, a fito da maki. Sai ga shi bara kin kayar da Dewayne Pruitt, yaron da martabar garin nan kaf take rataye a ƙafafunsa. Makinsa ya gaza abin da doka ta gindaya, aka hana shi wasa, muka shekara muna shan kashi.

Gari ya hukunta ki iyakar ƙarfinsa. A gidan abinci gahawarki kullum da sanyinta take zuwa. A coci bencinki ya yi miki faɗi. Koci Haskell, mai horar da 'yan ƙwallon, da kansa ya same ki, hula a hannu.

"Ranki ya daɗe, a taimaka. Yaron nan fa ba dutse zai ci ba."

Kika ce, "Koci, ran da gwiwarsa ta tashi daga aiki, kai za ka ciyar da shi?"

Duk tsawon hutu muna zumɓura baki, ke kuwa kina ɗaukar Dewayne a tsohuwar motarki zuwa bakin kogi, da guduma da abincin rana, kina nuna masa dutse ɗaya bayan ɗaya, ciwo na cin ki. Ya sake jarrabawa, ya ci da ƙyar, amma da guminsa. Aka mayar da sunansa cikin 'yan wasa. Shekararsa ta ƙarshe ce, kuma masu farautar 'yan wasa daga manyan ƙungiyoyi suka ce ranar Asabar za su zo ganinsa.

Ranar nan aka sa jana'izarki, daidai lokacin wasa. Na auna lamarin da hikimar da aka san ni da ita, na yanke cewa mamaci ba ya duba waɗanda suka zo. Ashe duk garin masu hikima ne. Muka cika harabar filin wasa, muka gasa haƙarƙari a bayan motoci, muka shafe fuskokinmu da fenti. 'Yan wasa suka fito, babu Dewayne.

Na kusa da ni ya ce, "Kai, ba dai tsohuwar nan ta sake kayar da shi daga lahira ba!"

Aka fashe da dariya. Tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Ashe Dewayne yana maƙabarta. Ƙanwarki Odessa ta gaya mini ba don shi ba, da hannuwan ɗaukar akwatinki ba su isa ba. Da aka rufe ki ya ciro dutse daga aljihu, ya ajiye a kan kabarinki, ya faɗi sunan dutsen, ya ce, "Malama, yau ban kuskure ba." Baƙin nan masu farautar 'yan wasa kuwa sun tafi ba su gan shi ba.

Mun ci wasan, Farfesa. Har yau babu wanda ya iya faɗin haka da babbar murya.

Allah ya ji ƙanki, ya ba Odessa da sauran dangi haƙurin rashinki. Ya dawo wa Dewayne da baƙin da suka tafi. Mu kuma da muka wanke fentin, ya rufa mana asirin abin da ya saura a fuskokinmu.