Muryar Goggo Kafin Alhamis

Ƙarfe shida na safe Goggo take buɗe kicin ɗin makarantar kwanan da take wa girki. Ta hura murhu uku, ta ɗora tukwanen da sai mutum biyu ke iya sauke ɗaya, ta tsaya cikin hayaƙi har ɗalibai ɗari huɗu su karya kumallo. Shekara talatin da ɗaya ke nan tana haka. Wajen ƙarfe sha ɗaya, an gama wanke-wanke ba a kuma ɗora na rana ba, tana da minti arba'in nata na kanta. Sai ta kife wani tsohon bokiti a bayan kicin kusa da famfo, ta zauna, ta zaro waya daga ledar da take naɗe ta saboda ruwa, ta maƙala tabaraunta mai hannu ɗaya. A nan take fara aikinta na biyu, wanda babu wanda ya ɗauke ta: karanta waƙoƙinmu.

Ranar Alhamis mai zuwa, ƙarfe tara na safe, za a yi mata aiki a maƙogwaro. Likita bai ɓoye wa 'yarta komai ba. Za a cire abin da ya tsiro, amma babu tabbacin muryar za ta dawo. Tun da na ji wannan magana hankalina bai kwanta ba. Ni mai gyaran firji ne, shekara goma sha biyar ina wannan sana'a, amma shekaranjiya sai da na kwance aikin da na gama na sake shi sau biyu. Shi ya sa na ce gara in rubuta wannan yau, tun tana iya buɗe baki ta ce na cika surutu.

Mu ɗari da 'yan kai ne a wani zauren waya na masu koyon rubuta waƙa. Babu gwani a cikinmu, ko da yake in ka ji wasu na magana sai ka rantse su suka ƙago harshen. Akwai direbobi, akwai masu shago, akwai matan aure da ke rubutu tsakanin wanki da shanya. Yawancinmu ba mu taɓa ganin juna ba. Goggo kuwa ko baiti ɗaya ba ta taɓa rubutawa ba. 'Yarta ce mai waƙar. Da wayar uwar ta shiga zauren, da ta sayi tata sai ta manta ta fitar da tsohuwar lambar.

A lokacin zauren nan ba wurin zama ba ne. Mutum ya yi mako yana fama da waƙa ya turo, ko a yi masa shiru, ko a jera masa furanni daga mutanen da ba su karanta ba, ko kuma ya faɗa hannun Malamin Lissafi. Malamin Lissafi mutumin kirki ne, Allah ya sani, amma shi waƙa a wurinsa takardar jarrabawa ce. Zai ƙirga gaɓoɓinka ɗaya bayan ɗaya, ya sa wa kurakuranka lamba, ya rufe da cewa ka ƙara ƙoƙari.

Wata rana an kwana biyu ana kai ruwa rana kan wata waƙa, sai ga saƙon murya daga lambar da ba ta taɓa cewa uffan ba. Muryar dattijuwa ce, ga ƙarar famfo a bayanta.

"Salamu alaikum, 'ya'yana. Ni dai ban san abin da kuke wa faɗa ba, aji huɗu na yi aka cire ni. Amma ku bari in karanta waƙar in ji."

Ta karanta a hankali, kalma bayan kalma. A baiti na uku harshenta ya sarƙe. Ta tsaya, ta ce, "To, nan na yi tuntuɓe. Ko ni ce, ko waƙar ce."

Waƙar ce. Daidai wurin da Malamin Lissafi ya yi kwana biyu yana bayani babu wanda ya gane, nan ta tsaya, kowa kuma ya ji da kunnensa. Shi kansa ya rubuta, "Abin da nake ta faɗa ke nan!" Babu wanda ya kula shi.

Shekara shida ke nan. Ƙa'idarta ba ta canja ba. Ba ta duba waƙa kafin ta danna ɗaukar murya, ba ta gogewa ta sake. Yadda ta fito mata a karon farko haka za ka ji ta, har da tarinta, har da wadda ke ƙwala mata kira daga kicin. Kuma ba ta tsallake kowa. Mai kyau da marar kyau, layi ɗaya suke bi.

Ni shaida ne. Da mahaifina ya rasu na rubuta masa waƙa mai baiti ashirin, na cika ta da manyan kalmomin da na yi ta tarawa. Goggo ta yi tuntuɓe sau tara, na ƙirga. Da ta kai ƙarshe ta ce, "Ɗana, Allah ya jiƙan baba. Amma waɗannan kalmomin ba naka ba ne, aro ka yi. Ranar da ya rasu, da ka shiga ɗakinsa, me ka fara gani?"

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Na rubuta mata a gajarce cewa rediyonsa na gani, a kunne, babu wanda ya tuna ya kashe.

"To ina rediyon a cikin waƙar?"

A bakin shago nake tsugune, rabin jikina cikin firjin wani. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar rasuwar. Waƙar ta koma baiti huɗu, kuma ita kaɗai ce cikin duk abin da na rubuta nake iya nuna wa mahaifiyata.

Akwai kuma wadda muke kira Nas, don aikin jinya take yi. Waƙarta ta farko Malamin Lissafi ya fitar mata da kurakurai goma sha huɗu cikin minti goma. Nan take ta fice daga zauren. Goggo ta nemo lambarta, ta kira ta, ta karanta mata waƙar tata daga farko har ƙarshe. Nas ta gaya mana daga baya cewa a ranar ta fara jin wani ya faɗi kalmominta da bakinsa. Ta dawo. Goggo kuma ta yi wa zauren gaba ɗaya wankin babban bargo, ta kafa doka: babu mai gyara wa kowa waƙa sai an fara karanta masa ita ya ji.

Goggo, ke ce kika koya wa mutum ɗari su saurara kafin su yi gyara. Ke ce uwar waɗanda ba su iya ba tukuna. Kin ba mu hutunki kaɗai na yini, shekara shida, kina zaune kan bokiti. Mu kuma ga abin da muka saka miki da shi.

Wajen wata takwas da suka wuce muryarta ta fara dusashewa. Kaɗan-kaɗan abin ya zo. Ta yi kauri, ta riƙa karyewa a ƙarshen layi, tana tsayawa ta ja numfashi inda da ba ta tsayawa. Duk mun ji. Kun san abin da muka yi? Yabawa muka yi. Wani ya ce muryar Goggo ta nuna. Malamin Lissafi ya rubuta dogon sharhi cewa tsayawar da take yi tana ƙara wa baiti nauyi. Ni da kaina, kuma saƙon yana nan ban goge ba, na ce, "Goggo, wallahi wannan muryar ta fi ta da daɗi, don Allah kada ta warke." Na haɗa da fuskar dariya. Daga nan muka dinga tura mata waƙoƙin baƙin ciki, dogaye, don sun fi dacewa da sabuwar muryar. Mace na shaƙewa a kunnenmu, mu muna jin daɗin sautin.

Nas ba ta nan a lokacin, an tura ta ƙaro karatu ta ajiye zauren wata tara. Ranar da ta dawo ta buɗe saƙon Goggo na ƙarshe. Ba a yi minti biyar ba wayata ta yi ƙara, ina kan tsani a wani shago ina duba na'urar sanyaya ɗaki.

"Yaya, tun yaushe muryar Goggo ta koma haka?"

"Ai an jima," na ce. "Kin ji yadda ta ƙara armashi ko?"

Ta ce, "Armashi? Ka san abin da kake faɗa kuwa? Ba ka jin wannan fito-fiton in ta ja numfashi? Wata nawa, Yaya? Ka ƙirga min."

Na ƙirga. Na ce bakwai, ko takwas.

"Innalillahi. Ku ɗari, babu wanda ya ce ta je asibiti?"

Na sauko daga tsanin na zauna a ƙasa.

Washegari Nas ta kira 'yar Goggo, aka kai ta. Abin da 'yar ta gaya min bayan nan shi ne ya hana ni sukuni har yau. Ta ce ita tun wata biyar take roƙon uwar su je a duba, don ta ga abinci ma da ƙyar yake wuce mata. Kullum amsar ɗaya ce: "Hayaƙi ne kawai. Kuma 'ya'yana na zaure sun ce ta fi daɗi haka." 'Yar ba da faɗa ta gaya min ba. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Na kira Goggo don in nemi gafara. Da ƙyar nake jin ta.

"Kai dai ka cika ɗaukar abu da zafi," ta ce. "Ku kuka sa min ciwon? Shekara talatin ina shan hayaƙi."

"Amma Goggo, mun ji, muka..."

"Kun ji waƙa. Abin da na koya muku ke nan. Sai dai ban koya muku jin mai karantawa ba, wannan laifina ne." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, tarin ya daɗe har 'yarta ta karɓi wayar.

Ba laifinki ba ne, Goggo. Kuma ina tsoro. Ina tsoron Alhamis. Ina tsoron watanni biyar ɗin nan da yabonmu ya ci, ko su ne tazarar da ke tsakanin a ceci muryar da a rasa ta. Na tambayi Nas kai tsaye, ta ce babu wanda zai iya sani. Na sake tambayarta, ta ce in yi addu'a in daina tambaya. Duk lokacin da wayata ta yi ƙara na ga lambar 'yarki, sai na goge hannu sau biyu kafin in iya ɗauka.

Makaranta ta sallami Goggo makon jiya, ta ajiye aiki. Likita ya ce ta rage magana, kalma kaɗan a yini. Jiya da rana na tambayi 'yar ko tana bin umarnin. Ta ce tana bi, sai dai abu ɗaya. Ita 'yar tana da ciki wata bakwai, na fari, jikan Goggo na farko. Da hantsi ta tarar da uwar ta rufe kanta a ɗaki da waya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta kasa kunne. Goggo na ɗaukar murya tana yi wa jikan maraba, tana gaya masa ita ce kakarsa, tana tsokanarsa wai ya zo a makare. Da ta gama sai ta huta, ta sha ruwa, ta sake ɗaukar wani daga farko, wannan karon da mace take magana. Ba ta san wanda zai zo ba, kuma ba ta so a wayi gari ɗaya ya rasa nasa.

Don haka ga roƙona ga 'yan zaure. Daga yau zuwa Alhamis kada kowa ya tura wa Goggo waƙa. Kada a kira ta, kada a tura mata saƙon da zai sa ta ji dole ta amsa. Mai son gaishe ta ya yi mata addu'a daga inda yake. Waƙoƙin da ke kan layi mu raba su tsakaninmu, kowa ya ɗauki ɗaya ya karanta wa mai ita da bakinsa, sau ɗaya, ba gogewa. Malamin Lissafi ya riga ya ɗauki ta farko, ya yi tuntuɓe sau shida, bai kuma ba kowa laifi ba. Ku kuma masu karatu da ba 'yan zaurenmu ba, kowannenku akwai wanda ke yi masa hidima kullum har ya saba ya daina kallonsa. Ku kalle shi yau. In kun ga ya rame ko kun ji ya canja, ku tambaye shi lafiya, ku kuma tsaya ku ji amsar.

Goggo, na gode. Mun gode, mu ɗari da 'yan kai, da waɗanda suka iya da waɗanda har gobe ba za mu iya ba. Allah ya sa a yi aikin nan a sa'a, ya tashe ki lafiya, ya maido miki da muryarki ko da rabinta ne. Na san halinki, kina ganin wannan rubutu za ki gyara zama ki ce bari ki karanta ki ji. Kada ki yi. 'Yarki ta karanta miki, ke ki saurara kawai. Abin da ya rage miki na magana kafin Alhamis ba namu ba ne, ki bar wa jikanki.