Reb Fishel, Mai Neman Mutum na Goma

Daga benen da mu mata muke zama a majami'armu ta Yahudawa, kawunan maza da kafaɗunsu aka fi gani. Tun ina ƙarama na lura cewa idan ana ruwa, kafaɗun Reb Fishel Grinblat (Reb a wurinmu kamar Malam ne) kaɗai ke jiƙewa sharkaf. Kowa da lemarsa yake zuwa, ya shige da sauri. Shi kuwa a bakin ƙofa yake tsayuwa, kuma ya ce lema tana tare masa fuskokin masu wucewa.

Shi ne mai kula da majami'ar tun kafin a haife ni. Da sassafe zai buɗe, ya kunna abin ɗumama ɗaki, ya jera littattafan addu'a, ya ɗora ruwan shayi. Amma babban aikinsa cika goma ne. Addu'ar jam'i ba ta tsayuwa sai da maza goma, kuma wanda aka yi wa rasuwa ba zai karanta wa mamacinsa addu'ar Kadish ba sai goman sun cika. A unguwarmu ta arewacin Melbourne wannan ba ƙaramin aiki ba ne, domin yawancin mutanenmu sun ƙaura tsallaken kogi, sun bar tsofaffi da 'yan gidaje irin namu.

Ba ma ƙirga mutane kamar kaya, don haka da haɓa yake nuna su yana cewa, “Ba ɗaya ba, ba biyu ba, ba uku ba.” Idan ya tsaya a “ba tara ba”, sai ya ɗaga kai sama ya ce, “Ubangiji, ga tara na kawo. Ɗayan kuma naka ne.” Daga nan ya gyara hularsa ya fita titi.

Wannan makon ne ya ajiye aiki, gwiwoyinsa sun gaza. A cikinsa kuma ranar tunawa da matarsa Gittel ta faɗo, shekara guda da rasuwarta. Ba su haihu ba. Idan bai karanta mata Kadish ba, babu mai karanta mata, kuma ranar tana ƙarewa da faɗuwar rana. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana tara wa wasu goma, ga shi yana buƙatar goma, ba shi da ƙafar fita nema.

Da kakata ta rasu, babana ya yi wata goma sha ɗaya yana karanta mata Kadish safe da yamma. Ya ce da ba don Reb Fishel ba, da rabin kwanakin sun wuce shi. Shi ya ba mu labarin ranar da tsohon ya kira likitan haƙora, Dakta Szmerling.

“Reb Fishel, ina da mutum a kan kujera, bakinsa a buɗe!”

“Namu ne?”

“A'a.”

“To ya rufe bakin ya huta. Kai ka zo.”

Likitan ya zo da farar rigarsa, yana mita har ya zauna. Akwai kuma wani direban tasi da ya tsaya tambayar hanya, Reb Fishel ya ji yadda ya furta sunan titin, ya tambaye shi sunan kakarsa, ya tabbatar namu ne, kafin mutumin ya ankara yana tsaye a sahun baya da littafi a hannu.

Sau ɗaya na taɓa yin ƙarfin halin yi masa tambaya, lokacin da na dawo hutu daga jami'a. Na tarar da shi yana wanke kofuna. Na ce, “Reb Fishel, ranar da aka rasa na goman fa?”

“An sha rasawa, 'yata,” in ji shi. “Sai kowa ya yi addu'arsa, mu karanta Zabura, mu sha shayi. Ban taɓa cewa dole ne Ubangiji ya ba ni ba. Na dai ce masa ba zan daina roƙo ba.”

Mutum ɗaya ne ya gagare shi. Motl Szafran yana da shagon gyaran keken ɗinki a tsallaken titi, daidai ƙofarmu. A da, muryarsa ce aka fi ji a sahun gaba wajen addu'a. 'Yarsa tilo ta kwanta rashin lafiya, unguwa duka ta karanta mata Zabura, ta rasu. Tun daga jana'izarta bai sake taka majami'a ba. Duk da haka, kullum da yamma, ko goma sun cika ko ba su cika ba, sai Reb Fishel ya tsallaka ya leƙa shagon. Babana ya sha jin su.

“Motl, ana neman ɗaya.”

“Tsoho, na faɗa maka, ni da Shi mun ɓata.”

“Wa ya ce ku shirya? Zo ka tsaya kawai. Ka harare Shi ma in kana so.”

“Fita mini daga shago, kana jiƙa mini ƙasa.”

“Sai gobe.”

“Kada ka zo.”

Gobe kuma sai ya je.

Reb Fishel, kai ne ka koya mana cewa dogaro ga Allah da ƙafa ake yinsa. Kai ne kake roƙo kamar mai magana da maƙwabci ta kan katanga, sannan ka fita cikin ruwa ka yi naka. Ba ka taɓa hawa mumbari ba, ba a taɓa sa sunanka a jikin bango ba, amma babu gida a unguwar nan da mamacinsa bai sami addu'a ta hannunka ba. Mun gode. Ku kuma samarin tsallaken kogi, 'yan'uwana da abokan karatuna, ba wai ku zama shi nake roƙo ba. Idan aka kira ku aka ce saura ɗaya, ku bar abin da kuke yi ku zo. Wani ne ke tsaye da sunan mahaifiyarsa a baki yana jiran ku.

Ranar Gittel na hau bene ni kaɗai. Sanyin hunturu ya kwantar da tsofaffi biyu. Babana ya yi ta buga waya: wannan yana wurin aiki, wancan cunkoson motoci ya riƙe shi a kan gada. Dakta Szmerling ya zo ba tare da an kira shi ba. Reb Fishel yana zaune a kujerar bakin ƙofa, sandarsa a tsakanin gwiwoyi, ya nuna su da haɓa har ya kai “ba tara ba”. Hasken tagogi ya fara ja.

Babana ya sunkuya ya ce, “Bari in tsallaka wurin Motl.”

“A'a. Don wasu nake damunsa. Ba zan dame shi don kaina ba.”

Ya ɗaga kai sama. Na jira in ji maganarsa ta kullum, amma bai yi ta ba. Ya buɗe Zabura ya fara karantawa a hankali, sauran suka bi shi.

Ana cikin haka ƙofa ta buɗe. Motl ne, da rigar aiki, hannuwansa duk baƙin mai.

“Ina tsohon nan?” ya ce da ƙarfi. “Tun ɗazu nake zaune ina jiran in kore ka. Na ɗauka mutuwa ka yi.”

Babu wanda ya yi dariya. Babana ya ce, “Ranar Gittel ce, Reb Motl.”

Motl ya dubi mutanen da ke ɗakin, ya dubi taga. Ya daɗe a tsaye a bakin ƙofar, iska tana shigowa ta bayansa. Sai ya miƙa hannu cikin kwandon hulunan da ake ajiye wa baƙi, ya ɗauki ɗaya ya ɗora a kansa, ya je can ƙurya ya tsaya. Aka miƙa masa littafi, ya girgiza kai.

Aka yi addu'ar yamma da sauri. Da aka zo ƙarshe, mutum biyu suka ɗaga Reb Fishel tsaye. Ya karanta Kadish, addu'ar da babu ambaton mutuwa a cikinta ko sau ɗaya, yabon Ubangiji ne daga farko har ƙarshe. A tsakiya ya tsaya, ya ci gaba. Duk inda ya dakata ɗakin ya amsa da amin. Daga inda nake ban iya ganin bakin Motl ba.

Aka fito da shayi da kifi mai gishiri, kowa ya kewaye tsohon ana riƙe masa hannu. Motl ya cire hular, ya tsaya a gaban kwandon yana juya ta. Sai ya ninke ta ya sa a aljihu, ya ja ƙofar a hankali, ya tsallaka titi.