Fuskokin Malam Ila na Unguwar Shanu

Shekara da shekaru, bayan sallar asuba Malam Ila Husaini ba ya komawa barci. Yakan shimfiɗa tabarma a ƙofar gidansa da ke Unguwar Shanu, ya zuba wa masu wucewa ido: takun mai garuwa, yadda ma'aikacin ofis ke gyara zaman hula yana jiran mota, dariyar mai ƙosai. Maƙwabta sun ɗauka hutawa yake yi. Ashe a nan yake tsintar mutanen da zai zama a gaban kyamara.

Ya tsufa a harkar fim, amma hotonsa bai taɓa hawa tsakiyar fasta ba. Shi ne kawun jarumi, shi ne direba, shi ne mugun da ake kamawa a ƙarshe. Da ya fito a wanzami mai tsoron jini, sai da aka yi ta maimaita ɗauka, domin mai riƙe da kyamara ya kasa daina dariya. Da ya fito a shugaban 'yan fashi kuwa, wani mai nama a Rigasa ya ƙi ba shi hannu. Malam Ila ya dawo gida yana murmushi, ya ce wa matarsa, Hajiya Safiyya, "Yau an yaba mini."

Kai ne, Malam, ka fito a uban da ya dawo daga maƙabarta ya zauna yana ninke rigar ɗansa. Juwairiyya, wata malamar asibiti a Mando, ta gaya mini cewa tun rasuwar mijinta hawaye ya ƙafe mata, sai ranar da ta kalli hannuwanka a kan rigar nan. Ta ce, "Ji na yi kamar an buɗe taga a ƙirjina."

Bara idanunsa suka soma dushewa, rubutu ya koma masa kamar hayaƙi. Darakta Hassan ya zo har gida da nufin janye shi daga fim ɗin da suka fara, yana ta kewaye-kewaye.

"Baba, lafiyarka ta fi mana komai."

"Hassan, ka nuna mini inda kyamara take kawai. Sauran ka bar mini."

Hajiya Safiyya ce ta riƙa karanta masa maganganunsa yana haddacewa. Ranar ɗauka ta ƙarshe ya fito a tsohon masunci da ke sallama da kwalekwalensa a bakin kogin Kaduna. Ya shafa katakon a hankali, ya ɗaga kai yana duban ruwan da ba ya gani sosai, kamar mai hango wani gari a can ƙetare. Hassan ya manta bai ce a tsaya ba.

Daga ranar ya ajiye aiki. Mun gode, Malam Ila, gwanin shiga rigar kowa. Allah Ya ƙara lafiya, Ya haskaka idanu. Ku kuma masu tasowa, ku riƙe ƙaramin matsayi da daraja kamar yadda ya riƙe, ku je ku gaishe shi tun yana nan. Yana gida kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci, kuma ya fi son a zo masa da labari a kan tsaraba.