Motar da Totur Ɗinta Yake Tsakiya

Duk Makera an san Baba Sylvanus, bakaniken nan mutumin Pankshin da ba ya yarda da mota sai ya shiga ƙarƙashinta. Cewa yake fenti maƙaryaci ne, bodin katako kuwa jiya kafinta ya ɗora shi. Sai ya kwanta da takarda da fensir, ya gogo lambar da aka buga a jikin ƙarfe, ya buɗe wani tsohon littafin soja da ya sha baƙin mai, ya ce wannan ta yaƙin Hitila ce, waccan ta yaƙin basasa. Ni ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, na daɗe ina jiran ranar da zai yi kuskure, ban gan ta ba.

A 1984 aka jawo masa wata gajeriyar mota daga Mahuta, kaji sun daɗe da mayar da ita gida. Wata guda yana fama kafin ta tashi. Ya ce motar soja ce ƙirar Kanada, ta 1943.

Labari ya kai wa Hadiza, 'yar Malam Mamman maigadi. Shekara da shekaru tsohon yana cewa ya tuƙa motar soja a ƙasar Bama lokacin yaƙin Hitila, unguwa tana yi masa dariya, har da ni, don ba shi da ko takardar sallama. Yanzu kuma ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, baki ya tafi.

"Baba," in ji Hadiza da ta sami Sylvanus a garejinsa, "ko littafinka zai nuna babana ba maƙaryaci ba ne?"

"Littafi bai san mutane ba, 'yata. Kawo mini shi."

Muka kinkimo tsohon muka ɗora shi a kujerar direba. Sylvanus ya tayar da injin, sannan ya raɗa mana cewa irin wannan mota totur ɗinta a tsakiya yake, birki a dama. Direban yau in ya je taka birki, wuta zai ba ta.

Ya tsaya bakin ƙofa ya daka tsawa irin ta sajan: "Direba, ba ta wuta!"

Malam Mamman bai ko dubi ƙasa ba. Ƙafarsa ta dama ta tsallake na gefe ta sauka a tsakiya, injin ya yi ruri har kwanon garejin ya ɗauka.

"Birki!"

Ƙafar ta koma dama.

Gani ya kori ji, kunya kuma ta rufe ni. Sylvanus ya ƙame ya sara wa tsohon, da hannunsa baƙi ƙirin da mai.

Hadiza ta hau matakalar motar, ta riƙo hannun nan da ya shanye, tana hawaye.

"Baba, ka yafe mini," ta ce. "Ni ma ban taɓa yarda ba."