Ramuka Biyu a Gindin Jirgin Yaya

Yayana ya daɗe a Kwatano yana aiki wurin masu gyaran jiragen ruwa. Da ya dawo gida bai zo da wani abin kirki ba sai tari da wata jaka ta kayan aiki. Ni kuwa ban taɓa barin gona ba.

Ƙauyenmu yana ƙasar Gidan Sori, bakin gulbi. Da rani gulbin yashi ne zalla, amalanke ke ratsa shi. Da damina ta kankama sai ruwa ya raba mu da ƙauyuka uku na ƙetare, alhali kasuwa da likita duk suna gefenmu. Mai lalura sai ya rungumi babban gora, masu iyo su tura shi. Kusan kowace shekara sai ruwan ya ci wani.

Wata rana Yaya ya tafi Maraɗi neman maganin tari, ya ga wani tsohon jirgi kife a bayan garejin gyaran motoci. Wasu masu aikin taimako ne suka bar shi, an cire injinsa tun tuni. Mai garejin ya ce a ɗauke masa kawai, wuri yake so. Babbar mota ta kawo shi bakin titi, muka ƙarasa da shi gida a kan amalanke biyu da muka haɗa, mutane na biye da mu. Jirgin ba katako ba ne, ba ƙarfe ba. Yaya ya ce fibir ne, wato zaren gilashi da aka daskarar da danƙo. Lafiyarsa lau, in ban da ramuka biyu a gindinsa ta baya, sama da inda ruwa ke kaiwa, inda bututun hayaƙin inji ke fita a da. Kowanne dunƙulen hannuna na shiga.

Kowa ya kawo shawara. Maƙerin garinmu ya ce ya buga masa gwangwani da ƙusa. Wani dattijo ya ce a sassaƙa itace a cusa, a shafe da kwalta.

Yaya ya ce, "Baba, itace kumbura yake ya tsage jikin. Wanga abu da irinsa ake ɗinke shi."

Ya sai da ragonsa, ya aika aka sawo masa ƙyallen gilashi da ruwan danƙon da wata ƴar kwalba ta maganin da ke sa shi daskarewa. Muka fara da gogewa. Ba a toshe ramin haka nan, sai an goge bakinsa ya yi faɗi kamar faifai, ciki da waje. Kwana shida muna yi da takarda mai yashi. Farin garin da ke tashi yana shiga fata, ya yi ta ƙaiƙayi, wanka ba ya fid da shi. Yaya ya ɗaure hanci da rawani, duk da haka in tari ya kama shi sai ya dafa jirgin ya duƙa.

Matarsa ta kawo mana fura wata rana, ta tsaya tana kallonsa. Ta ce, "Malam, wanga gari shi za ya ƙarasa ka."

Ya ce, "Saura kaɗan."

Ya yanka ƙyallen zagaye-zagaye, wani ya fi wani girma, ya toshe bayan ramin da kwali, ya riƙa jiƙa su da danƙo yana jerawa, yana danna su da buroshi don kada iska ta ɓuya a ciki. Ya ce kafin la'asar zai yi tauri kamar dutse. La'asar ta yi, gari ya waye, kwana huɗu suka wuce, abin yana nan kamar zuma. Ƙudaje da ƙaiƙayin gero duk suka manne. Ashe danƙon ya tsufa a shago. Dole muka kankare shi da wuƙa.

Na ce masa, "Yaya, mu haƙura mana."

Ya ce, "Kai ka haƙura. Ni ban iya komi ba sai wannan."

Karo na biyu shi da kansa ya hau babur ya ƙetara iyakar ƙasa, ya sa mai shagon ya gwada danƙon a gabansa kafin ya karɓa. Muka sake daga farko. Wannan karon yana shafawa abin ya ɗauki zafi, kafin mu idar da sallar azahar ya ƙame. Ya ƙwanƙwasa da bayan wuƙa, ya saurara, ya ce in ƙwanƙwasa ni ma. Muka cika jirgin da ruwan rijiya ya kwana biyu, ƙasan gindinsa ko danshi babu. Ranar na ga haƙoran Yaya, rabona da haka tun muna samari. Ya sassaƙa itatuwan tuƙi biyu, ya yanko doguwar gora, muka zauna jiran ruwa.

Tun kafin ruwan ya zo labarin ɓarayin daji ya fara yawa a ƙetare. Yau a kore shanu, gobe a tafi da mutum. Gulbi ya cika a tsakiyar damina, muka sa jirgi, muka yi sati guda muna kai masu kasuwa. Sai wata safiya muka ga mutane cike da wancan bakin, suna ɗaga mana hannu. An shiga ɗaya daga cikin ƙauyukan an kashe mutane, sauran biyun kuma suka ce ba za su jira nasu ba.

Kwana uku muna fito da su. Mata da tukwane, tsofaffi, kaji a ɗaure, buhunan hatsi, har da ƙofar ɗaki da wani ya ciro. Jirgin ya riƙa nutsewa har ramukan nan da muka toshe su shige ƙarƙashin ruwa. Ina tuƙi ina leƙa wurin. Ko ɗigo bai shigo ba. Wata tsohuwa da na ɗauko a goye na sa ta ciki ta riƙe hannun Yaya ta ce, "Ɗana, in an kwana biyu kai za ka maishe mu." Ya ce in sha Allah, Inna.

Ba wanda ya koma. Geronsu ya nuna a ƙetare, muna hangen tsuntsaye na cinsa. Bayan sati biyu jandarma, wato jami'an tsaro, suka zo, suka ce a fid da jirgin daga ruwa kada ɓarayin su samu abin ƙetarowa. Yaya bai yi gardama ba. Muka ja shi muka kife a bayan gida.

Daga nan ya rage fita. Da sanyi ya shigo tarin ya kwantar da shi, muka kai shi likita sau biyu, aka ba shi magani, ba a ce mana komai ba. Ya rasu kafin bazara.

Bana damina ta uku ke nan. Mutanen ƙetare wasu suna nan cikin bukkoki a gefen garinmu, wasu sun wuce gaba. Yanzu gefenmu ma ɓarayin sun fara shigowa. Maƙerin ya kwashe iyalinsa, lakol, makarantar bokon garin, ta rufe. Matar Yaya ta koma gidan iyayenta wajen Cadawa, kuma ta aiko in sai da jirgin in na samu mai saye. Na tambaya a kasuwa biyu. Mutum ɗaya ne ya zo ya duba, ya zagaya shi, ya tambaye ni ko yana ƙonuwa, don shi itacen girki yake nema.