Hanyar Mashaya

Lokacin da mulki ya dawo hannun farar hula, filayen Abuja suka yi tsadar hauka, ni kuma ina koyar da labarin ƙasa a jami'a. Bincikena a kan wata rugar Fulani ne a wajen Kwali. Da na'urar nan mai nuna wuri na bi burtalinsu da ƙafa, na auna mashayarsu, don su sami taswirar nuna wa hukuma ranar da masu shinge suka zo. Arɗon rugar bai so ba. Ni na rantse masa cewa abin zai kare su.

Wani abokin aikina, dakta mai yawan turare da daɗin baki, ya roƙi taswirar wai zai duba. Kafin damina ta zagayo an kewaye mashayar da bulo. Ashe dillalan fili ya kai wa, suka saka masa da fuloti a ciki. Ranar da Fulanin za su tashi, arɗo bai zage ni ba, cewa kawai ya yi, "Malama, mun gode." Da ma marina ya yi.

Dakta ya yi shekaru yana yawon taro da aikin a matsayin nasa, har wasu Turawa masu ba da tallafi suka ce za su zo ganin mashayar da ya ce ya ceto. Sai ga shi a ofishina yana gumi.

"Hajiya, ke ce mai jin Fulatanci. Don Allah ki shige gaba ki kai mu wata ruga a hanyar Abaji, ba za su gane ba."

"An gama, Dakta."

Na shiga motar gaba tare da shugabar baƙin, na miƙa mata na'urar, na sa mata lambobin wurin mashayar da ke cikin rahotonsa, na ce ta nuna wa direba hanya. Dakta na motar baya yana ta kiran wayata, na bar ta tana kuka. Wallahi raina fari tas. Na'ura ba ta san kara ba, sai da ta dire mu bakin wani ƙaton get.

"Ina ruwan?" in ji matar.

Kafin in amsa, maigadi ya hango Dakta na fitowa daga mota, ya taho a guje.

"Oga, sannu da zuwa! Madam na ciki. In buɗe wa baƙi?"

Sai na riga Dakta amsawa.

"Buɗe musu, malam. Mashaya suka zo gani."