Zawarawan da Zinatu Ta Kawo

Hamdatu ta shekara talatin tana yi wa amare lalle a bayan wani shagon kitso a titin Rye Lane, can ƙasar Turawa. Ita kanta aure ɗaya ta yi a Zariya, wata takwas, aka rabu ba faɗa. Ba ta taɓa jin sha'awar kowa ba, namiji ko mace. Ba cuta ba ce, ba kuma wani ya ƙona mata rai ba. Haka Allah ya yi ta.

Ƙawarta Zinatu, nas ce a Catford, ita ta ɗaura ɗamarar aurar da ita. Duk bayan 'yan watanni sai ta haɗa ta da wani bazawari a gidan abinci a Peckham. An yi direban tasi, an yi likitan haƙori da ya ƙura wa bakinta ido har aka tashi, an yi wani ɗan jarida da ya karanta musu labaran duniya a kan shinkafa.

Hamdatu ba ta taɓa ƙin zuwa ba, saboda daɗin komawa gida. Sai su hau saman bas mai hawa biyu, kujerar gaba, da gyaɗa a ƙunshe, Zinatu tana kwaikwayon muryar mutumin har hawaye su zubo musu. Tsoron Hamdatu ɗaya ne: in ta faɗi gaskiya, zawarawa za su ƙare, saman bas ma ya ƙare. Zinatu na da miji da 'ya'ya huɗu. Wa zai bar ta ta fita ba dalili?

Badariyya, autar Zinatu, ita ta fasa ƙwan wata Asabar ana yi mata lalle, uwar na zaune.

"Anti, ke fa asexual ce. Ba kya son kowa ta wannan hanyar, shi ke nan."

Hannun Hamdatu ya tsaya. "Ashe har suna gare shi," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Suna ko ba suna," in ji Zinatu, "tun kan likitan haƙori na gane."

"Kin gane? To sauran sha ɗayan fa, muguwa?"

"Me zan ce wa Baban Badariyya? Zan je yawon bas? Ke, na ƙarshen nan ma da ƙyar na samo shi, sai da na yi booking ɗinsa tun azumi."

Daga ranar ba a sake kawo kowa ba. Zinatu ta ce wa mijinta za ta je yawon bas, ya ce a dawo lafiya. Shekara tara suka ƙara yi a kujerar gaba, suna kwaikwayon tsofaffin zawarawan, tunda babu sababbi.

Zinatu ta rasu bara. Gwiwar Hamdatu ba ta son matakala yanzu, amma ran Asabar tana hawa. Muryar ɗan jaridar ce kawai ba ta iya ba.